Ɗakin Baba Asabar

Duk wanda ya san Baba Asabar ya san ba ya shiga ɗakin nan sai ya taɓa wani ɗan katako mai rubutun addu'a a ciki da ke manne a jikin ƙofa, ya sumbaci yatsunsa. Wata shekara rina ta yi gida a kan katakon. Ya taɓa, ta harbe shi, ya sumbaci yatsan da kumburinsa. Na ce mu ƙone gidan rinar, ya ce in bar ta, ita kaɗai ta rage mai zuwa ibada kullum.

Ɗan kabilar Ibo ne mai sayar da kayan babur, shagonsa na jikin nawa na hatsi a nan Zuru. Addinin Yahudawa yake bi, ɗakin da ke bayan shagon kuma wurin ibadarsu ne. Ranar Asabar ko allura ba ya sayarwa. Wani ɗan kabu-kabu ya taɓa turo babur tun daga hanyar Danko, sarƙa ta tsinke. Baba ya ce ya jira taurari su fito tukuna, sai sannan Asabar ɗinsu ke ƙarewa. Ga shi damina ce, hadari ya rufe sama. Mutumin ya yi ta roƙo, Baba ya ce ya kai ƙara wurin mai hadarin.

Babbar addu'arsu ba ta yiwuwa sai maza goma sun taru. A da sun fi haka. Wasu suka mutu, wasu suka koma kudu da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, har ya saura shi kaɗai. Duk da haka kowace Juma'a sai ya share ɗakin, ya jera kujeru goma.

Ni kuwa ɗakin nake so, in zuba dawa. Na yi ta binsa.

"Ɗana, in ka cika shi da buhuna, ina na goman zai zauna?"

"Baba, ai na biyun ma bai zo ba."

"To kai zauna. Ba ka cikin ƙidaya, amma kujera ba ta sani ba."

Na zauna.

Bara ya rasu, goman ba su cika ba. 'Ya'yansa suka tafi da gawa da littattafai, suka sallama mini ɗakin. Yanzu dawa ce a ciki har rufi. Katakon dai ban cire ba, ranar Asabar kuma ko buhu ɗaya ba ya fita.

Allah ya ba ka hutawa, Baba. Ya sa ka tarar da sauran taran suna jiranka.