Kamun Manzo Mai Likkafani

Duk wanda aka yi wa rasuwa a Bande da ƙauyukan kewaye, rumfar Manzo yake fara nufa. Tana can ƙarshen layin 'yan yadi, ƙasa-ƙasa, sai ka duƙa kake shiga. Farin alawayyo kaɗai yake sayarwa, na likkafani, sana'ar da ya gada wurin ubansa, Allah ya jiƙansa. Ba ya awo da metir. Da hannu yake kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa, kamu ashirin ga babban mutum. Magana biyu tsohon ya bar masa: ba a ciniki a kan likkafani, kuma ba a ƙara wa mai hawaye kuɗi.

Shekara da shekaru jika uku, wato sefa dubu uku, yake karɓa. Sai duniya ta juya. Kuɗin bandir ɗin yadi ya tashi a Magarya, ɗan kabu-kabun da ke ɗauko shi ya ce isansi, man babur, ya yi tsada, ga patanti, harajin sana'a, ga tikitin rumfa kowace kasuwa. Da farko Manzo ya haɗiye abin shi kaɗai. Ya bar shayin safe, ya bar goro. Matarsa Hinda ta ga miya ta koma ruwa.

Sau ɗaya ya gwada faɗin gaskiya. Hamissou manomi ya zo, uwarsa na kwance a ɗaki ana jira. Manzo ya sunkuyar da kai ya ce jika huɗu. Hamissou ya dube shi da jajayen idanu.

"Manzo, ashe har mutuwa ta yi tsada?"

Manzo ya karɓi uku. Kuma a ranar, yana cikin kamu, yatsunsa suka lanƙwashe a ƙarƙashin ƙyallen, awon ya tsaya a gaɓoɓi. Ba wanda ya gani. Mai makoki ba ya duban hannun kowa, wanda za a naɗe kuwa ba shi da bakin ƙorafi. Daga nan abin ya zame masa hanya, kowane likkafani ya ragu da kusan kamu huɗu, nama ya dawo tukunyar Hinda ran kasuwa.

Wanda ke zaune cikin rumfar nan ƙafafun masu wucewa kawai yake gani. Bayan 'yan watanni, da tsakar rana, lokacin da kasuwa ke lafawa ana shirin azahar, sai ya fara ganin wasu ƙafafu suna tsayawa a bakin rumfar. Ba takalmi. Fes, kamar yanzu aka wanke su, ko ƙwayar rairayi babu tsakanin yatsun, a garin da ƙafar kowa take butu-butu. Su tsaya a haɗe, ba sallama. In ya leƙo, sai rana da kaji. Ya yi a'uzu, ya ƙara sadaka ran Juma'a, bai gaya wa kowa ba.

Wata rana wasu ƙafafun suka tsaya, amma waɗannan da faso da silifa. Inna Ƙande ce, ƙawar marigayiya uwarsa, wadda ke yi wa matan unguwa wankan gawa tun kafin ya yi wayo. Ta duƙa ta shigo, ta zauna a kan bandir kamar ɗakinta.

"Ɗan nan, tambaya na zo yi. Mutanen garin nan tsawo suke ƙarawa in sun mutu?"

"Kamar yaya, Inna?"

"Ka san Saratou mai waina, 'yar guntuwa, a tsaye take shiga akurki. Na ja ƙyalle ya rufe kai, ƙafa ta fito. Na ja ya rufe ƙafa, fuska ta buɗe. Ita ce mace ta tara da na ga haka."

Manzo ya tambaye ta a hankali.

"To yaya kika yi da su?"

"A kai baiwar Allah kabari ƙafa a waje? Nawa na ɗauko. Wanda ubanka ya auna mini shekarar da na fita takaba, yana ƙasan akwati. Wannan taƙi ɗaya, waccan biyu, ina yaga ina ƙarawa. Ba na gaya wa dangi, kukansu ya ishe su. Jiya na duba, abin da ya rage ko jinjiri ba ya rufewa."

Ta kwance bakin zane ta ajiye jika uku a kan tabarma.

"Auna mini sabo. Ni dai da raina na zo, idona biyu."

Ya warware ƙyallen, ya ɗora gwiwar hannu, ya ce bismillah. Yatsun suka ƙi miƙewa. Ya matsa su a cinya, ya ja da hagu, suna nan a dunƙule, sanyi ƙalau kamar ba a jikinsa suke ba.

Ƙande ba ta yi mamaki ba. Ta kama hannun ta ɗora a kan gwiwarta, ta murza wuyan hannun a hankali, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana miƙarwa, tana salati ƙasa-ƙasa.

"Na saba," ta ce. "Duk haka suke zo mini."

Ita ta riƙe yatsun har aka cika ashirin. Tana saki suka koma. Ta tura masa kuɗin, ya tura mata, ta sake turowa da sandarta.

Da damina Allah ya ɗauki ranta. Matan da suka shirya ta sun ce likkafanin ya isa har da saura.

Manzo yana nan a rumfarsa. Hannun bai ƙara buɗewa ba, an kai shi likita an kai shi wurin malamai. Yanzu da karan dawa yake awo, wanda aka yanka daidai da cikakken kamu. Jika biyar yake cewa, kansa a ƙasa. Wasu su biya, wasu su ce ba shi da imani, wasu su wuce Magarya. In mutum ba shi da su, ya auna masa kyauta, ran nan Hinda ta dafa tuwo da miyar kuka tsura.

Ƙafafun nan ba su daina zuwa ba, sai dai sun ragu tun da ya koma cikakken kamu. Ya ce wa Hinda yana ƙirga su, saura na mutum uku. Kafin azahar yakan share bakin rumfar, ya shimfiɗa ɗan farin ƙyalle a inda suke tsayawa.