Baban Amshi da Waƙar da Ta Sa Ya Sunkuyar da Kai

Kullum da safe shi yake buɗe ɗakin ɗaukar murya. Sai ya share ƙasa, ya warware wayoyin da suka cukurkuɗe, ya yi alwala, sannan ya jira masu amshi. Shekara da shekaru yana rubuta wa 'yan fim waƙa, yana koya wa mawaƙa inda za su ja numfashi. Baban Amshi ake ce masa. Sunansa bai taɓa fitowa a fuskar talabijin ba, kuma a watan nan ya ajiye aiki, don kunne ya fara yi masa nauyi.

Akwai waƙarsa da kowa ya haddace: "Na nemi Masoyi a nesa, ashe ni ne na yi nisa." Allah yake nufi da Masoyi. Nisan kuwa gafalar bawa ce, zuciyar da ta cika da son kanta har ta manta da Wanda bai taɓa barinta ba.

Amma da fim ya fito, sai ga saurayi da budurwa suna tiƙar rawa da ita a bakin ruwa. Yayansa, wanda ke jan zikiri a unguwarsu, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Ƙanena, abin da muke yi wa kuka shi ka miƙa wa 'yan rawa?"

Daga ranar Baban Amshi ya daina zuwa zikiri. In an kunna waƙar a mota, sai ya dubi tafin hannunsa har a sauka.

A lokacin bai bar aikin ba. Sabuwar doka ya kafa: ba wanda zai rera baitinsa sai ya zauna an fassara masa. Mawaƙa sun yi ta gunaguni, wai an mayar musu da wurin aiki makaranta. Wata mai amshi ta shaida mana cewa ranar da ya warware mata baitin nan, kuka ya hana ta kai ƙarshensa, kuma da baitin take lallashin mahaifiyarta a gadon asibiti.

Ranar sallamarsa, ita ta rera waƙar ba kiɗa, a gaban yayan nasa, wanda ta je har gida ta roƙo ya zo. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce wa ƙanensa, "Gobe ka zo zikiri, wurinka yana nan." Baban Amshi ya rufe fuska da hula.

Baba, kai ne ka ɗauki kunyar abin da ba kai ka ɓata ba, ka yi ta gyara a ɓoye. Mun gode, Allah ya saka maka da kusancin da ka rera. Ku kuma masu tasowa, kafin ku ɗaga murya, ku zauna ku tambayi wa ake kira.