Goron Maigidana

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma 'ya'ya bakwai na goya a bayan nan, kuma babu wanda ya tashi da nauyin baki. Shi ya sa da ɗana ya ɗauko ni daga cikin Yola ya kai ni gidansa a unguwar Dubeli don in kula da jikana, na ɗauka aikin da na sani ne.

Yaron ya doshi shekara uku bai fara magana ba. In yana son ruwa sai ya ja zanenka zuwa gindin randa. Uwarsa 'yar Barno ce, malamar makaranta, tsoro duk ya ramar da ita. Wata abokiyar aikinta ta ce mata harsuna ne suka yi wa yaron yawa: uba Fulatanci, uwa Barbarci, maƙwabta Hausa. Sai iyayen suka yanke shawarar Turanci kaɗai za a riƙa yi masa.

Ranar da na iso uwar ta durƙusa ta ce, "Dada, ki yi haƙuri, kada ki yi masa Fulatanci ko Hausa. Kansa ne ke rikicewa."

To ni ina na ga Turanci? Na ja bakina. In yi masa wanka shiru, in ba shi kunu shiru. Ita ma uwar, Turancinta na aji ne, zauna da tashi, ba na rarrashi ba. Gida ya koma kamar ana zaman makoki.

Amma a wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne, kuma wace mace ce za ta wuni da miji ba tsiya? Wata safiya ina ɓare gyaɗa, bakina ya suɓuce.

Na ce, "Maigida, haka ake aure? Ko goro babu?"

Ya ɗago ya dube ni. Na tsaya ina jira, don mai tsokana ba ya tashi sai an rama. Can ya ɗauko murfin kwalba ya sa mini a hannu. Na kai baki na yi kamar na gatsa, na yatsine fuska na ce, "Busasshe ka kawo mini, marowaci." Ya ƙyalƙyale da dariya har ya faɗi zaune.

Kullum sai mun yi. In tambaya, in jira, ya rama da hannu, ko da wani gurnani nasa. Ban iya ɓoye-ɓoye ba, na faɗa wa uwar. Ranta bai so ba, amma ta ɗauke shi zuwa asibiti. Aka duba kunnensa lafiya lau, ma'aikaciyar ta ce harshe ba ya yi wa yaro yawa, a yi ta yi masa hira da wanda aka iya, a kuma ba shi lokaci ya mayar. Duk da haka bakin bai buɗe nan da nan ba. Damina ta wuce muna jira.

Wata rana da la'asar uwar tana tankaɗe a tsakar gida, na ce, "Maigida, ina gorona?"

Ya duba aljihun 'yar rigarsa, ya buɗe mini tafin hannu, ya ce, "Babu."

Rariya ta tsaya a hannunta. Ta matso a hankali ta zauna a ƙasa kusa da mu, gari duk a goshinta, ta ce, "Dada, sake tambayarsa."