Kod ɗin da ya ƙi karantuwa

Jiya ina zaune a sibar ɗin yayana Hamidu, wato shagonsa na intanet, wani baƙo ya miƙo mana kle, ɗan abin nan na ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta. Wai kod ne a ciki, wato rubutun umarni ga kwamfuta, in an sa shi a navigater, manhajar shiga intanet, zai riƙa cike wa direbobi takardun kaya da kansa. Tun da sojoji suka hau mulki aka rufe gadar kan iyaka, ciniki ya ja baya, sai Yaya ya yi murna.

A shagonmu ni ke karanta kod da ƙarfi, Yaya na saurare. Wanda Yaya ke rubutawa yana karantuwa: sunanDireba, lambarMota. Wannan kuwa layi ɗaya ne dogo, sunayen duk a, b, x9.

Na ce, "Yaya, wannan ba ya karantuwa."

Baƙon ya yi dariya. "Ƙanwata, matse shi aka yi don sauri. Aji nawa kika gama?"

"Shida. To Malam, a ba mu wanda ba a matse ba. A nan direbobi ke buga lambobinsu na sirri."

Yaya ya zare kle ya mayar masa. Baƙon ya ce zai kawo wanda ba a matse ba da la'asar. Har yanzu shiru.

Ko zarginsa na yi a banza? Ku da kuka sani, ku faɗa mini.