Hoton Ɗan Kada

Ranar wata Asabar a tsakiyar rani, shekarar da nake aji biyar na firamare, ina kwance rub-da-ciki a lambun Baba da ke bayan gidanmu a Kabo, haɓata a kan ƙasa mai laima, waya a hannuna, na ɗauke numfashi. Inna ta aike ni tsinko yakuwa ne, amma ƙwaryar tana can gefe babu ko ganye ɗaya a ciki. Abin da ya tsayar da ni wani ƙwaro ne a bayan ganyen tattasai, tsawonsa da kaɗan ya wuce ƙwayar shinkafa, baƙi mai ɗigon ruwan lemo a gadon baya. A fuskar wayar kuwa ya cika ta fal: ga ƙayoyi, ga ƙafafu shida, ga baki kamar awartaki. Ina kallo ya kutsa cikin darɓa, 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsotse ganye, ya cafki ɗaya, ya zuƙe ta, ya yar da ɓawon, ya cafki wata. Nan take na raɗa masa suna ɗan kada, don da kadan cikin littafinmu na makaranta ya yi mini kama.

Wayar ta yayana Nasiru ce, tsohuwa mai tsagaggen gilashi, ya bar mini ita da zai koma makarantar kwana a Gwarzo. Shi ne ya kwance wata matacciyar na'urar kallon faifai, ya ciro wata 'yar ƙwayar gilashi, ya manna ta a idon wayar da cingam. Tun daga ranar duniya ta canza mini. Ashe ƙuda yana wanke hannu kafin ya ci abinci, ashe fiffiken mazari saƙa ce da babu masaƙin da zai iya ta, ashe ƙoƙi-ƙoƙi yana juyo da kai ya harare ka kamar ka taka masa tabarma. Nasiru ya koya mini abu ɗaya: "Kada ki bi ƙwaro, ki zauna ya zo ya same ki." Ni kuwa zama na iya shi, musamman idan wanke-wanke na jira na. Ƙawayena suna can suna carafke da 'yar gala-gala, ni ina tsugune gindin danga ina jiran zanzaro ya sauka. Suka sa mini Uwar Ƙwari, ban damu ba. Inna kan ce, "Binta ko tururuwa ta gani a hanya sai sun gaisa."

A shekarar nan Baba ya zuba duk ƙarfinsa a kan tattasai. Da shi muke sa ran kaiwa damina, don hatsin rumbu ya yi ƙasa. Kullum da sassafe yana jan ruwa daga rijiyar lambu, mu yara muna bin layukan shuka muna buɗe wa ruwan hanya da fartanya. Sai ganyen ya fara nannaɗewa, yana danƙo a hannu, furen yana zubewa. Idon Baba ya fara rauni, yana ganin ɓarnar amma ba ya ganin mai yin ta. Mutum ne marar yawan magana, ba ya faɗa, ba ya yabo, sai dai ka ga ya tsaya a tsakiyar lambu ya riƙe ƙugu ya daɗe.

Shi ya sa a ranar nan na taso da gudu, na manta da ƙwaryar Inna. Na tare shi a zaure zai fita, na durƙusa na miƙa masa wayar da hoton ɗan kada da na ɗauka. Nufina in ce masa ga wanda yake taya mu yaƙi. Ya kai ta kusa da idonsa, ya ja da baya, ya yi salati. "Ashe kai ne! Ga mugun nan Allah Ya tona asirinsa." Sannan ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Binta." Tun da nake ban taɓa jin ya faɗa mini haka ni kaɗai ba. Daɗi ya rufe mini baki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Kafin in haɗiye daɗin in yi magana, ya fice da wayar zuwa gindin dalbejiya inda maƙwabta suke zaune bayan la'asar. Ina leƙe ta jikin ƙyaure, waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa ya gani sai ya girgiza kai. Yarinya ba ta shiga tsakiyar dattawa ta ce musu sun yi kuskure.

Na je na faɗa wa Inna ina kuka. Ta saurare ni tana tankaɗe, ta ce za ta gwada. Ta kuwa gwada, lokacin da ta kai masa tuwo, ina jin su daga tsakar gida. Baba ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, "Abu mai irin wannan bakin ne zai zauna a kan ganye ya ƙyale shi? Yarinta ce." Sai na ce to bari in kawo masa shaida. Washegari na wuni ina neman hoton ɗan kada da darɓa a bakinsa. Iska na kaɗa ganye, duk wanda na ɗauka sai ya fito dishi-dishi, baƙin abu a kan koren abu. Ana haka cajin ya ƙare, ga babu wuta a unguwarmu. Rana ta uku Baba ya karɓi wayar, ya kai ta aka yi mata caji a bakin titi, ya hau mota zuwa Gwarzo ya nuna wa wani mai sayar da maganin feshi. Mutumin, in ji Baba, yana gani ya ce ya san shi sarai, ya ɗauko masa kwalba mafi ƙarfi a shagon.

Ranar da za a yi feshi na riga kowa shiga lambu, da gwangwanin madara da gashin kaza. Ina ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ina sharo 'yan kada a hankali cikin gwangwanin. Lambun ya yi mini girma. Ban gama layi biyu ba na ji Baba yana kaɗa magani a bokiti, ya ce in fita kada warin ya kama ni. Na tsaya bayan danga na rungume gwangwanina, ina kallonsa goye da injin feshi, yana bin shuka ɗaya-ɗaya da kulawa irin ta mai son abinsa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na fi jin haushin kaina. Da hantsi ya yi na leƙa, ƙasa duk gawar ƙwari ce, har da ƙudan zuma da ƙoƙi-ƙoƙin da na saba da shi. Na cikin gwangwanin ma ba su kai ko'ina ba. Ba ni da abin da zan ba su, lambun kuma ya zama guba, cikin kwana biyu suka mutu a ƙarƙashin gadon Inna.

Lambun ya yi sarari kamar mako biyu, Baba har ya fara fara'a. Sai darɓar ta dawo, ta ninka ta da, don yanzu babu mai cin ta. Baba ya ce lalle mugun ya bar ƙwai, ya sake feshi, ya kuma sakewa. Tattasan da muka tsinka a ƙarshe bai cika kwando uku ba, duk ya motse. Kafin ruwa ya sauka sai da aka sayar da akuyar Inna, muka koma cin tuwo sau ɗaya a rana. Babu wanda ya ɗora mini laifi. Na so a ce an ɗora.

Yanzu ina aiki a Kano, ina da kyamara ta gaske, na kuma daɗe da sanin cewa abin da idona ya gani a ranar nan daidai ne. In na je gida nakan zaga lambun, wanda ƙannena suke nomawa. Feshi ya zama na kowane mako, sai in yi awa guda a tsugune ban ga abin ɗauka ba. Baba ya tsufa, idon ya tafi gaba ɗaya. In baƙi suka zo ya ji muryata, sai ya gyara zama ya ce, "Wannan ce 'yata da ta kama mana ɓarawon tattasai da hoto, tun tana 'yar mitsitsiya." Fuskarsa takan yi haske in yana faɗa. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ci gaba da firfita masa kunu. A da ban iya faɗa masa gaskiyar ba saboda na yi ƙanƙanta, yanzu kuma ba zan iya raba shi da labarin ba.