Armand da ɗaurin ƙafar da ya ƙera a ɓoye

Shekara arba'in da ɗaya Armand Thibodeau ya yi yana sayar da kayan zamiya a kan dusar ƙanƙara a garin Harlow Notch, a jihar Vermont ta ƙasar Amurka. In ka shiga shagonsa sayen safa, sai ka sha labari kafin ka ga safar. Labarin kuwa ɗaya ne: shi ya ƙirƙiro ɗaurin ƙafar nan da masu zamiya a kan allo suke takawa ya kama takalmi gam, ba sai sun zauna cikin ƙanƙara wando ya jiƙe ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, shi ɗin ne.

Sai dai a zamanin da ya ƙera abin, garin a rabe yake. Masu zamiya a kan katako biyu su ne masu mutunci, su ne kuma abokan cinikinsa. Masu allo ɗaya kuwa, 'yan iska ake ɗaukarsu, kuma babu mai zaginsu kamar Armand. Amma shi mutum ne da ba ya iya ganin abu yana wahalar da mutane ya bar hannunsa ya huta. Ya shige ɗakin ajiya da maɓallin bel ɗin tsohuwar motarsa, wata uku yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, sai ga abu ya fito.

Da aka zo neman takardar shaidar ƙirƙira, ya ƙi sa sunansa, don takardar gwamnati kowa yana da ikon dubawa. Sai ya rubuta sunan matarsa na gidan ubanta, Loretta Gauthier. Ya kai mata kicin, ya ce ta sa hannu kuma kada ta taɓa faɗa wa kowa. Ta sa, da garin fulawa a yatsunta. Loretta kuwa tun da take ba ta taɓa taka abu mai santsi da gangan ba.

Zamani ya juya, 'yan iskan nan suka fara kawo lambobin zinariya gida. Nan Armand ya buɗe baki, bai sake rufewa ba. Da gari ya share sabon gangaren zamiya a jikin dutse, aka kawo shawarar a sa masa sunan wanda ya ƙirƙiro ɗaurin. Armand ya so abin nan har cikin ransa. Ba shi da ɗa, shagon ma yana shirin sayarwa, sunan a jikin dutse shi ne abin da zai bari.

Ranar taron gari na watan Maris ya zo da sabuwar kwat, ya zauna a layin gaba. Ana shirin kaɗa ƙuri'a sai magatakardar gari, Phyllis Kimball, ta miƙe. Phyllis ko sunan kare ba ta rubutawa sai ta ga takarda. Ta ce ta nemo shaidar ƙirƙirar, ta karanta sunan da ke jiki. Sannan ta ce akwai wata wasiƙa a fayil ɗin majalisar gari, ta shekarar da ya ƙera ɗaurin, mai ɗauke da sa hannun Armand, yana roƙon a hana "masu hawan ƙyauren ɗaki" wato masu allo ɗaya, taka dutsen garin. Ta karanta ta duka, a hankali, har da inda ya ja layi.

Dariya ta ɓarke. Wani manomi daga baya ya ce, "Armand, ashe kai ne ka ƙera wa ƙyauren sakata?"

Shugaban taro ya buga tebur, ya tambayi Loretta ko akwai gyara a takardar. Armand ya waiwaya yana kallonta, ido ya raina fata. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta ajiye saƙarta a cinya.

"Ya shugaba, mijina ya ce kada in taɓa yin magana a kan takardar nan. Shekara talatin da biyar ban saɓa masa ba, ba yau zan fara ba."

Armand yana da damar miƙewa ya ce ya yi wa gwamnati ƙarya don tsoron masu sayen safa. Ya kalli Phyllis da alƙalaminta a tsaye, tana jiran ta shigar da maganar cikin wani fayil ɗin. Ya kalli matarsa, wadda bai taɓa ce wa na gode a kan sa hannun ba, kunya ta kama shi sosai. Da aka ce masu goyon bayan Gangaren Loretta su amsa, muryarsa ta fito a makare, amma ta fito.

Loretta har yau ba ta je ta ga gangaren ba, ta ce akwai sanyi. Armand ne yake saukowa ta kansa kowace safiya, a kan katako biyu, don bai taɓa koyon hawan allon ba.