Ranar da Bappa Ya Mayar wa Ɗanbala da Shanunsa

Ɗanbala ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka abin da zan faɗa a kansa ba gulma ba ce. Da yana raye ma a gabansa zan faɗa, ya kawo mini duka in goce. Allah ya jiƙansa.

A Dingaya aka haife shi, nan ya yi noma, nan ya yi suna wajen ginin rumbu. In ana gayya shi ne a gaba. Matsalarsa ɗaya, bai iya ganin aiki ya wuce ba. Ko mace ya tarar tana daka sai ya ce ta gyara riƙon taɓarya, shi da bai taɓa daka ko barkono ba.

Lokacin yaƙin basasa ƙanensa ya shiga soja, shekara biyu babu labari. Ran nan sai ga wasiƙa da rubutun boko. Ni da na ɗan taɓa elementare a Birnin Kudu ba na gari, rafi kuma ya cika ya hana ƙetarewa. Kwana huɗu takardar nan tana aljihun Ɗanbala, uwarsu ta ƙi cin abinci, kafin ya samu ya kai ta Gwaram wani akawu ya karanta masa. Yaro yana nan lafiya ƙalau. Ɗanbala ya dawo yana murna yana faɗa, ya ce garin da zai kwana huɗu bai san ɗansa na raye ba, ai ba gari ba ne.

Daga nan maganar makaranta ta tashi. Ba gwamnati ce ta gina mana ba, mu muka yi abarmu a 1972, ana karatun addini ana na boko. Ɗanbala ya ba da gonarsa ta bakin gari, ya gina aji biyu da hannunsa. Aka kafa kwamitin amintattu na mutum biyar. Liman Iliyasu ne shugaba, ni magatakarda, sai Ɗanbala, sai wani dattijo, sai Bappa, Bafulatanin da rugarsa ke bayan rafi, wanda yake riƙe da kiwon shanun rabin mutanen garin.

A zaman farko Liman ya ce, "Aikinmu mu zaɓo hedimasta nagari, mu tsare masa wuri, mu ga makaranta ba ta kauce daga abin da aka kafa ta dominsa ba. Sauran nasa ne." Ɗanbala ya fi kowa gyaɗa kai. Washegari da sassafe aka gan shi ya shimfiɗa buzu a ƙarƙashin tagar aji ɗaya.

Daga ranar ba abin da bai sa wa baki ba. Tsohon wilin motar da ake bugawa a tashi, shi yake buga shi in inuwa ta kai inda ya ga dama, agogon malam ko oho. In yara suna motsa jiki ya ce an tara 'ya'yan mutane ana koya musu tsalle-tsalle. In malami ya cika allo da rubutu ya leƙo ta taga ya ce a tausaya wa alli. Hedimasta na farko ya yi wata takwas, na biyu bai ga kaka ba. Ɗanbala ya ce malaman zamani ba su da haƙuri.

Na uku shi ne Malam Abdulsalami, mutumin Unguwar Ya ta ƙasar Birnin Kudu. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, amma kafin shekara ta zagayo yaranmu suna karanta wa iyayensu wasiƙa. Sai dai bai taɓa kawo iyalinsa ba. Ɗaki ɗaya ya karɓa, da tabarma da akwati, duk Alhamis ya hau keke ya tafi gida. Kowa ya san ƙafarsa ɗaya tana waje, ga shi lokacin gwamnati tana ta buɗe makarantu tana neman malamai ido rufe.

Ranar da ruwan shuka ya sauka a daminar 1976, Ɗanbala ya faɗa cikin aji ko sallama babu. Ya ce wa yara kowa ya tashi ya bi ubansa gona, ya juya ya ce wa Malam, a gabansu, wanda bai san ranar shuka ba me zai koya wa ɗan manomi. Yara suka watse. Da la'asar Malam ya kawo mini takarda, ya ce in karanta wa kwamiti: in zangon karatu ya ƙare bayan kaka, zai tafi.

Bayan mako guda na karanta a zauren Liman. Kowa ya san in wannan ya tafi ba wanda zai sake yarda ya zo mana, makaranta ta mutu ke nan. Amma wa zai kalli mutumin da ya ba da gona ya gina aji ya ce masa kai ne matsalar? Ni dai na sunkuyar da kai ina gyara alƙalami. Bappa ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Da gari ya waye sai ga shi a ƙofar gidan Ɗanbala da shanu huɗu.

"Lafiya, Bappa?"

"Lafiya lau. Shanunka ne na kawo maka. Na ga ka iya aikin kowa, na ce kiwo ma ba zai gagare ka ba."

Ya juya abinsa. Shanu a tsakiyar gari, shuka ta fara fitowa, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Kwana uku Ɗanbala yana bin su da gudu, rawani a warware. Ya tare wannan, waccan ta shiga dawar maƙwabci. Ni kuwa na samu abin nema, duk inda na gan shi sai in gaishe shi da "Sannu da kiwo, Arɗo." A kwana ukun nan makaranta ta sha iska, aka buga wili a kan lokaci.

Rana ta huɗu ya kora su ruga, ya ce in raka shi. Bappa yana zaune yana tufka igiya.

"Shekara nawa shanunka suna hannuna?"

"Goma sha biyu."

"Ka taɓa bi na daji ka ce in bi nan kada in bi can?"

"Ban taɓa ba."

"To. Ka duba ka zaɓe ni, ka ba ni. Kaka ta yi ka zo ka gansu. In sun rame ka tambaye ni dalili, in ban gamsar da kai ba ka karɓe ka ba wani. Malamin nan ma kiwo muka ba shi. In kana da magana, ga zauren Liman."

Ɗanbala ya yi dariya har da hawaye, ya ce Bafulatani ya gama da shi.

Washegari ya je makaranta, ya tsaya daga wajen shinge cikin rana har aka tashi. Ya ba Malam haƙuri a gaban yaran da ya kunyata shi a gabansu. Malam ya ce ba komai, Baba, amma bai ce ya fasa tafiya ba.

Maganar shuka kuwa, Ɗanbala ya kawo ta zaman kwamiti, aka kira Malam aka tattauna. Ashe yana da gaskiya, hanyar ce ya ɓata. Aka yanke cewa duk shekara in ruwan shuka ya sauka, makaranta za ta ba da hutun kwana uku, a rama su da rani. Malam ya ce da ma abin da ya rasa ke nan, doka daga kwamiti wadda zai tsaya a kanta.

Sauran daminar nan Ɗanbala ya sha wuya, na tausaya masa ƙwarai. Hanyar gonarsa ta gaban makaranta take, amma ya koma zagayawa ta bayan masallaci don kada idonsa ya ga abin da bakinsa zai kasa haƙuri. Sau ɗaya a wata muke shiga mu biyar, Malam ya nuna mana yadda karatu ke tafiya, ya faɗi abin da yake buƙata. Jinka ta yi yoyo, Ɗanbala ya tambaya tukuna kafin ya hau ya gyara.

Zango ya ƙare. Malam ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, ya naɗe tabarmarsa, ya yi mana sallama. Bai ce zai dawo ba, mu ma kunya ta hana mu tambaya. Mako biyu Ɗanbala ba ya ko ramawa in na tsokane shi. Ya ce mini, "Haladu, da hannuna na gina ta, da bakina na rushe ta."

Ranar kasuwar Gwaram, da yamma muna zaune a ƙofar gidansa, sai motar da ke dawo da 'yan kasuwa ta tsaya a bakin hanya. Aka sauko da keke. Aka sauko da turmi, da tukwane, da akurkin kaji. Sai ga Malam Abdulsalami yana taimaka wa matarsa Barira ta sauko da goyo a baya. Ɗanbala ya miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya ya bar shi nan.

Bayan an gaisa Malam ya ce, "Baba, Liman ya ba ni gida da 'yar gona. Saura rumbu, an ce duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka."

Wanda ya nemi rumbu a gari ba baƙo ba ne kuma, ya zo zama. Ɗanbala ya ce, "Malam, a ina kake so a kafa shi?"

Malam ya yi murmushi. "Wannan aikinka ne, Baba. Ba zan sa maka baki ba."